Hajjo da Malam Ƙila

Hajjo tana tsakiyar koya wa 'yan aji shida lissafin rabawa sai hedimasta Malam Abu ya yi sallama a bakin ƙofa, wani dogon saurayi yana biye da shi. Daminar 1988 ce. Ba ta daɗe da zuwa firamaren Kalgo ba, inda kwalejin horon malamai mata ta Birnin Kebbi ta turo ta gwajin koyarwa. 'Yar Gwandu ce, tana zaune wurin ƙanwar mahaifinta, Goggo Jummai, wadda aure ya kawo Kalgo.

Malam Abu ya gabatar da baƙon yana ta fara'a. Sunansa Lukuman, ɗan Bawa masunci na bakin gulbi. A kan waɗannan bencina ya yi karatu, yanzu kuwa ƙaramin malami ne a sashen lissafi na jami'a a Sakkwato. Hutu ya zo, ya roƙi a ba shi ɗan lokaci da yaran.

Hajjo ta ajiye alli ta koma jikin taga, ba don ranta ya so ba.

Lukuman ya ciro tsabar kwabo ashirin da biyar daga aljihu, ya nuna wa yara fuskokinta biyu. Ɗaya dawaki, ɗaya dalar gyaɗa. Ya ce kowa ya fito ya cilla ta sama, amma kafin ta faɗo 'yan aji su faɗi abin da zai fito. Nan take aji ya kaure. Masu cewa dawaki suna buga benci, masu cewa dala suna tsalle, shi kuma yana ta jan layi a allo, hannun rigarsa ya yi fari fat da alli.

Da aka kaɗa ƙararrawar tara yara suka watse, ta matso tana goge gefen allon da ya bar mata.

"Malam, ka hargitsa mani aji, ka kuma bar su ba su iya rabawa ba. Mi ne amfanin wanga wasa?"

Sai a lokacin ya dube ta sosai. Fara ce siririya, da ɗan tabo a gefen gira, idanunta kuma ba su da alamar tsoron kowa. Ya ɗan daburce kafin ya nuna mata allon. Ya ce jifa ɗaya, Allah kaɗai Ya san abin da zai fito. Amma ta dubi layukan da suka taru: na dawaki da na dala sun kusa yin kai ɗaya, kuma da za a wuni ana jifa, da sun ƙara kusantar juna. Abin da yake karanta ke nan, lissafin yiwuwa.

"To gobe in sun tambaye ni abin da zai fito, in ce masu mi?"

"Ki ce ƙila dawaki, ƙila dala."

"Shekara nawa ka yi a jami'a kafin ka gano haka?"

Dariya ta ƙwace masa har ya dafa tebur. Ita ma ta kau da kai tana danne tata. Ya fita ya manta hularsa a kan kujerarta.

Da la'asar ya je karɓar hula gidan Goggo Jummai. Goggo mace ce mai jiki da yawan raha, tana sana'ar gumi, wato turara shinkafa, da sayar da ita, kuma ta san Lukuman tun yana yawo ba wando. Ta shimfiɗa masa tabarma a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, ta ce ita dai ba ta taɓa ganin hular da ake karɓa a zaune ba.

Washegari ya dawo, ba tare da ya manta komai ba. Haka jibi.

Hajjo ta lura duk abin da aka tambaye shi da "ƙila" yake farawa. Za a yi ruwa yau? Ƙila. Zai dawo gobe? Ƙila, in Allah Ya yarda. Ta laƙaba masa Malam Ƙila, shi kuma yana ce mata Malamata.

A kan tabarmar nan ya ba ta labarin abin da ya kai shi ga wannan karatu. Yana yaro, wata shekara gulbi ya cika ya haye fadama ana saura kaɗan a yanke shinkafa. Ya ga mahaifinsa a tsaye a kan tudu yana kallon ruwa ya shafe gonarsu, yana nan tsaye har rana ta faɗi. Tun daga ranar tambaya ɗaya take bin sa. Ruwan gulbi kullum cikin hawa da sauka yake, ruwan sama na wani gari ya tura shi, rana ta janye shi, ba mai iya cewa ga inda zai kai gobe. Amma akwai lissafin da aka gina don irin wannan tafiya marar tabbas, kuma da shi mutum zai iya auna sau nawa, a cikin shekaru masu yawa, ruwa zai wuce wani tsayi. In an san haka, an san inda ya kamata a shuka da inda ya kamata a bari.

Ta saurare shi har ya gama, haɓarta a kan gwiwa. Ta ce ba ta gane rabin abin da ya faɗa ba, amma ta gane mutumin da ya tsaya a kan tudu.

Da gwajin koyarwa ya ƙare ta koma gida Gwandu, shi ma ya koma Sakkwato. Adamu direba, mai jigilar fasinja tsakanin Gwandu da Sakkwato, shi ya zama gidan wayarsu.

"Malamata, gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yau ina rubutu a allo gaban ɗalibai sai na ga na sa H inda ya kamata in sa X. Wani ya tambaye ni ko sabuwar alama ce. Na ce masa e, amma ba za ta fito a jarrabawa ba. Naki, Lukuman."

Amsarta ta iso a cikin ƙullin dakkuwa.

"Malam Ƙila, na ga saƙonka. Ka daina ɓata wa ɗiyan mutane karatu saboda ni. Inna ta tambaye ni abin da ke sa ni murmushi ni kaɗai, na ce mata fura ce ta yi daɗi. Goggo ta ce ka rame. Ka riƙa cin abinci, lissafi ba ya gudu. Hajjo."

Haka shekara ta zagayo. Hajjo ta gama kwaleji aka ba ta koyarwa a Gwandu. Lukuman ya kammala digirinsa na biyu, wata mujallar masana lissafi ta ƙasar waje kuma ta karɓi takardar bincikensa a kan hawa da saukar ruwa. Ranar da labarin ya zo masa ya rasa wanda zai fara gaya wa, sai ya hau motar Adamu ya zo Gwandu ya faɗa mata a tsaye a ƙofar gida, ya juya a motar yamma.

Bayan girbi kawunnansa suka je neman izini wurin mahaifinta. Malam Sambo dattijo ne mai sanyin magana, yana karantar da manyan ɗalibai a zaurensa, yana kuma da shanu a hannun makiyaya wajen Maruda. Ya karɓe su da mutunci, ya ce a ba shi lokaci ya bincika. Wasu daga cikin dangi sun ɗan yi gunaguni cewa ɗan masunta ne, amma Malam bai ɗauki wannan a bakin komai ba. Ya ce shi hali yake nema da addini.

Sai dai akwai Ɗahiru. Ɗan aminin Malam ne, yana fataucin albasa zuwa Kudu, kuma ya daɗe yana son Hajjo, yana jiran ta gama makaranta. Ba mugun mutum ba ne. Wata rana ya je jami'a duba ƙanensa, ya bi ta gefen wani aji ya leƙa ta taga. Ya ga Lukuman a gaban ɗalibai da karta a hannu yana rabawa, ga 'ya'yan lido a kan tebur. Ya tambayi ƙanen nasa, shi kuwa ya ce ai malamin nan lissafin abin da bai faru ba yake koyarwa.

Ɗahiru ya dawo Gwandu ya faɗa wa Malam Sambo abin da idonsa ya gani, bai ƙara ba bai rage ba, kuma har zuciyarsa ya yarda ceton Hajjo yake yi.

Malam ya gode masa ya sallame shi. Daga baya ya aika wa mutanen Kalgo cewa su yi haƙuri. Ya kira Hajjo gaban mahaifiyarta ya gaya mata da kansa, ba da faɗa ba. Ya ce karta kayan caca ce, mai cewa ya san gobe kuwa ɗan duba ne ko da ya sa kwat, shi kuma ba zai ba da ɗiyarsa ga ɗayan biyun ba. Ya ce kada yaron ya ƙara zuwa zance.

Hajjo ba ta yi musu ba. Ta shiga ɗaki ta kwanta ta juya fuska ga bango. Ta ci gaba da zuwa makaranta tana dawowa, amma Inna ta lura kwanon abincinta yana komawa madafa kusan yadda ya fito.

Ana cikin haka wata jami'a a Ingila ta ba Lukuman gurbin digiri na uku, a ƙarƙashin wani tsohon farfesa da ya karanta takardarsa. An ce ya iso kafin ƙarshen damina. Abin da ya yi shekaru yana roƙon Allah ke nan, ga shi ya zo a lokacin da bai san yadda zai yi murna ba.

Sun haɗu a Kalgo ranar sunan jikar Goggo Jummai. Goggo ce ta shirya, ta aiki Hajjo ɗauko tabarmi a zaure alhali ta san wanda ke zaune a ciki. Gida cike da mata, ana ta kiɗan ƙwarya a tsakar gida.

Ya gaya mata zancen tafiyar. Ta yi masa barka da gaske, sannan ta sunkuyar da kai tana murza bakin gyalenta. Ta ce za ta iya jira. Za ta iya jure maganar dangi da zuwan Ɗahiru, ta ci gaba da lallashin Baffa, mahaifinta, har ya sauko, ko shekara nawa ne. Abu ɗaya take so ta ji.

"Za ka dawo ka aure ni?"

Lukuman mutum ne da ya saba auna kowace kalma kafin ya sake ta, yana kuma tsoron alkawarin da ba shi da iko a kansa. Ya ce yana so, Allah Ya sani. Amma shekara uku ko huɗu ba kwana uku ba ne. Cikin waɗanda suka tafi daga sashensu wasu sun dawo a kan lokaci, wasu sun daɗe, wasu har yau. Ga rai ga ajali, ga kuma Malam bai yarda ba. In ya ce mata tabbas, ya yi mata ƙarya.

Ta ɗago ta dube shi, idanunta sun cika.

"Ni ba lissafi na tambaye ka ba, Lukuman."

Wannan ne karo na farko da ta kira sunansa. Ta kwashi tabarmin ta shige cikin gida. Wasiƙun da ya aiko bayan nan, Adamu ya dawo masa da su a rufe.

Goggo Jummai ce ta je har gidan Bawa ta same shi. Ba ta ko zauna ba. Ta ce ta ga masu ilimi da yawa, amma ba ta taɓa ganin wanda ilimi ya hana shi magana ɗaya ba sai shi. Yarinya ta ce za ta tsaya gaban ubanta da danginta saboda shi, shi kuma ya tsaya ƙirga mata mutanen sashensu. Ajali ai kowa ya san da shi, ba shi aka tambaya ba. Abin da ke hannunsa aka tambaya.

Bawa yana gefe yana ɗinkin komar kamun kifi. Sai da Goggo ta tafi ya ce, ba tare da ya ɗago ba, shi kullum in zai shiga ruwa yakan ce wa uwar Lukuman sai ya dawo, kuma bai taɓa jin ya yi mata ƙarya ba.

Lukuman ya koma Sakkwato ya rubuta wa Ingila yana roƙon a ɗaga masa zuwa baɗi. Shugaban sashensu ya kira shi ofis ya gargaɗe shi cewa irin wannan gurbi ba ya jiran mutum, akwai masu layi a bayansa. Ya ce ya sani, ya gode.

Ranar Asabar da hantsi, ɗaliban Malam Sambo suna zaune sai ga baƙo ya yi sallama, ya tuɓe takalmi, ya zauna a can baya kusa da ƙofa da littafin fiƙihu a hannu. Malam ya gane shi, Lukuman ne. Ya dube shi ta saman tabarau, ya ci gaba da karatu. An hana shi zance, ba a hana shi neman ilimi ba, Malam kuwa bai taɓa korar mai neman ilimi daga zaurensa ba.

Da layi ya zo kansa ya karanta nasa, Malam ya fassara masa ya gyara masa wasali biyu. Ya yi godiya ya tashi. Bai tambayi kowa ba, bai ko kalli ƙofar cikin gida ba.

Wata Asabar ɗin ya dawo, da wadda ta biyo ta. Ruwa ko rana, sai ya zo.

Hajjo takan ga takalmansa a bakin zaure in ta dawo daga kai wa Inna saƙo. Baƙaƙe ne masu igiya, duk sun sha taɓo. Takan ɗauke kai ta wuce, amma zuciyarta ba ta wucewa. A ganinta sallama yake yi a hankali kafin jirginsa ya tashi. Sai da damina ta ja baya, gero ya fara nuna, ta ga takalman ba su daina zuwa ba. Ta aika wa Goggo tambaya, Goggo kuwa ta aiko mata da amsa a baki: ai mutumin naki ya ajiye Ingila.

Ranar ta daɗe zaune a bakin gado. Da yamma Ɗahiru ya zo kamar yadda ya saba, ta fita ta gaishe shi da ladabi. Ta ce masa ta san alheri yake nufi da ita, kuma abin da ya gani ya gani, amma zuciyarta tana wani wuri, ba ta so ta riƙe shi da jiran abin da ba zai samu ba. Ya ce ya gode da ba ta ɓoye masa ba. Bai ƙara zuwa ba.

Washegari ita ta karɓi furar Malam daga hannun Inna ta kai masa. Ta durƙusa ta ajiye, ba ta tashi ba.

"Baffa, kai ka koya muna ba a yanke wa mutum hukunci sai an ji ta bakinshi. Ka ji ta bakin Ɗahiru. Shi kuwa ga shi nan yana zama gabanka kowane mako."

Malam ya juya ludayi a cikin ƙwarya. Ya ce ta tashi ta tafi, ya ji.

Asabar ta gaba da aka tashi karatu ya ce Lukuman ya tsaya. Zaure ya rage su biyu.

"An ce kana koya wa yara sanin abin da za ya faru gobe. Ka san shi?"

"Ban san shi ba, Malam. Ba wanda ya san shi sai Allah. Aikina duka a kan rashin sanin ne."

Malam ya ce ya yi masa bayani da Hausa, ba da ta jami'a ba. Lukuman ya nemi izini ya yi tambaya: me ya sa ba a tara shanun gidan nan wuri ɗaya, wasu suna Maruda wasu suna fadama? Malam ya ce don in ciwo ya shiga garke ɗaya, ɗayan ya tsira. Lukuman ya tambaya ko Malam ya san wanda ciwon zai shiga. Malam ya ce ina fa.

Lukuman ya ce to shi ke nan aikinsa. Ɗan duba yana cewa ga abin da zai faru. Shi kuwa cewa yake ba a sani ba, amma ga abubuwan da kan iya faruwa, ga wanda ya fi yawan faruwa, sai a yi shiri a bar wa Allah sauran. Bambancinsa da makiyayi, shi da alƙalami yake yi, kuma gulbin garinsu yake yi wa. Ya ba shi labarin shekarar da ruwa ya ci shinkafar Bawa.

Malam ya shafa gemu. Ya ce to kartar fa?

Lukuman ya ce misali ne kawai, don yaro ya gani da idonsa. Kamar yadda Malam ke jera tsakuwa a ƙasa in yana koyar da rabon gado, alhali ba wanda ya mutu. Bai taɓa caca ba, kuma duk ɗalibin da ya gane darasin nan ba zai yi ta ba, don zai ga da lissafi cewa mai caca a ƙarshe shi ke asara.

Dattijon ya yi murmushi karo na farko. Ya ce ya gamsu, kuma ya yi gaggawa a farko, Allah Ya yafe masa. Amma tsakuwa ba ta da mugun suna, karta tana da shi, malami kuwa ba ya tsayawa inda za a zarge shi. Ya tambaya ko farin wake da jan wake a cikin ƙwarya ba za su yi aikin ba. Lukuman ya yi ɗan tunani, ya ce za su yi, har ma sun fi.

"To ka bar karta. Ka gaya wa kawunnanka su dawo."

Ya tashi ya shiga cikin gida. Jim kaɗan sai ga Hajjo ta fito ta tsaya a bakin ƙofar zaure, ta rufe rabin fuskarta da gyale.

Lukuman bai jira ta zauna ba.

"Malamata, tambayar da kika yi mani a Kalgo. Zan aure ki. In na tafi da ke zan tafi, in ban tafi ba ina nan inda kike."

"Ka daɗe kana wanga lissafi," ta ce.

"Na daɗe. Ki yafe mani."

Ta ce ta yafe tun ranar da ta ji abin da ya ajiye. Ta kuma ce ya sayi wasu takalman, waɗannan sun ba ta kunya a ƙofar gidansu.

Amsar Ingila ta iso ana shirin biki. Sun ce ba za su iya jira ba, sun ba wani. Ya kawo mata labarin da kansa. Ita ce ta yi kuka, shi yana ba ta haƙuri. Ya ce ya ji zafi, ba zai ɓoye mata ba, amma ko da za a maimaita abin da ya zaɓa zai sake zaɓa.

An ɗaura aure a Gwandu bayan sallar Juma'a, rumbuna cike da sabon hatsi. Mutanen Kalgo suka zo mota biyu da kwandunan busasshen kifi, har da giwan ruwa guda da sai da mutum biyu suka ɗauko ta. Malam Sambo ya ba ɗiyarsa karsana ja. Ɗahiru ya halarci ɗaurin aure, ya kuma aiko da buhun albasa gidan biki. Goggo Jummai ta yi guɗa har muryarta ta dushe, tana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa a ƙofar gidanta aka fara.

Suka tare a wani ɗan gida a rukunin malaman jami'a. Hajjo ta sami koyarwa a wata firamare kusa. Shi kuma kullum da safe yakan fita da jakarsa a hannu ɗaya, ƙwaryar wake a ɗayan, ɗalibai har suka saba. Da yamma yana aikinsa a tebur tana duba littattafan yara a gefensa, wani lokaci ya karanta mata abin da ya rubuta don ya ji ko ya fita da ma'ana. Bai daina bincike ba. Ya aika wa tsohon farfesan nan sabon sakamakon da ya samu, ba don yana sa ran komai ba.

Shekara ba ta cika biyu ba farfesan ya rubuto cewa ya sama masa wani gurbin, kuma ya taho da iyalinsa. Lokacin an riga an yanke sabuwar jihar Kebbi, Hajjo kuma tana goyon ɗansu na fari.

Ana saura kwanaki su tashi suka je Kalgo sallama. Suna zaune a gidan Bawa da hantsi sai ga motar Adamu ta tsaya a ƙofa, Malam Sambo ya fito. Bai taɓa zuwa gidan ba. Ya ce ya zo ya ga gulbin da ake ta yi wa lissafi.

Bawa ya rasa inda zai sa shi don murna. Bayan an ci an sha ya ce ai gulbi ba a ganinsa daga tudu, ya jawo jirginsa bakin gaɓa. Malam, wanda duk rayuwarsa bai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba, ya tsaya yana kallon jirgin. Sannan ya tattare babbar riga, ya yi bisimilla ya shiga, ya riƙe gefe da gefe da hannu biyu.

Hajjo da Lukuman suna tsaye a gaɓa, yaro yana barci a bayanta. Suna jiyo Bawa yana cewa Malam ya saki jiki, Malam kuma yana cewa jikin ne ya ƙi sakuwa. Hajjo ta toshe baki da gyale, kafaɗunta suna rawa. Kafin su kai tsakiya Malam ya saki hannu ɗaya yana nuna wani abu a can ƙetare, su biyun suna ta hira kamar sun shekara da sanin juna.

Da suka dawo gaɓa, gefen rigarsa a jiƙe, bai bari an koma gida ba. Nan ya tsaya ya ɗaga hannu, Bawa da masuntan da ke kusa suka matso. Ya roƙi Allah Ya kai su lafiya Ya dawo da su lafiya, Ya sa albarka a karatun, Ya sa ya amfani mutanen da ke noma a bakin wannan ruwa. Ya roƙa masu zaman lafiya da haƙuri da juna, da zuriya mai albarka.

Aka shafa. Malam ya ɗora hannunsa mai sanyin ruwa a kan jikansa, sannan ya dubi surukinsa.

"Ku tahi, Allah Shi yi maku albarka. Na ba ka ita da zuciya ɗaya."

Hajjo ta sunkuyar da kai tana share ido, Lukuman kuma ya ce amin, ya sake cewa amin.